Molotov, Na Hannun Daman Sitalin

Cikin manyan mutanen da suka riƙe ragamar mulkin Tarayyar Sobiyat, da wuya a sami wanda ya kai Molotov biyayyar raƙumi da akala. An haife shi a ƙauyen Kukarka na ƙasar Rasha cikin 1890. Asalin sunan gidansu Skryabin, shi Molotov laƙabi ne daga kalmar guduma a harshensu. Ya zama Firayim Minista daga 1930 zuwa 1941, kana Ministan Harkokin Waje daga 1939. A shekarar nan ne, ran 23 ga Agusta, ya sa hannu a yarjejeniya da Jamus ta Hitila, wadda a asirce ta raba Polan tsakanin ƙasashen biyu.

Sa'ad da Sitalin ya shiga kawar da duk wanda yake zargi, cikin 1937 da 1938, akan kawo wa manya jerin sunayen waɗanda za a hukunta, akasari hukuncin kisa. Molotov ya sa hannu a kan takardu irin waɗannan fiye da 370, watau har ya ɗara maigidan nasa.

Sannu a hankali wutar ta iso gidansa. Matarsa Polina Bayahudiya ce, sun yi aure tun 1921, kuma kowa ya shaida irin ƙaunar da yake yi mata. A ƙarshen 1948 aka zarge ta da hulɗa da Yahudawa masu kishin Isra'ila, aka kawo maganar korarta daga jam'iyyar Kwaminis. Da aka zo ƙuri'a Molotov ya ƙi ɗaga hannu. Iyakar jarumtakarsa ke nan, don kuwa ba a daɗe ba ya rubuta wa Sitalin takarda yana tuba, ya ce kuskure ya yi. Aka kama ta a 1949, aka kai ta Kazakistan, shi kuma aka raba shi da ma'aikatarsa. A 1952 Sitalin ya ci mutuncinsa gaban manyan jam'iyya. Polina ba ta dawo ba sai bayan mutuwar Sitalin cikin Maris 1953, kuma abin mamaki, ita ma har ta mutu a 1970 ba ta yarda a aibata shi a gabanta.

Da Kurushef ya tona ta'asar Sitalin a 1956, Molotov bai bi sahu ba. Ya shiga yunƙurin tuɓe Kurushef a 1957, abin ya faskara, aka tura shi jakada Mongoliya, daga baya aka kore shi daga jam'iyya. Lalle akwai son kai a ciki, domin in ya amsa laifin Sitalin, to ya amsa nasa, tun da sa hannunsa na nan a takardun. Saboda haka cikin hirarrakin da ya yi da marubuci Felix Chuev a tsufansa, ya nace cewa kashe-kashen 1937 wajibi ne don tsarkake ƙasa kafin yaƙi. Ya kuma musanta cewa yarjejeniyar 1939 tana da wani sashe na asiri.

An mayar da shi jam'iyya a 1984, ya mutu ran 8 ga Nuwamba 1986 yana da shekara 96. A watan Disamba 1989 majalisar Tarayyar Sobiyat ta amsa cewa sashen asirin nan gaskiya ne.