Alhassan Ɗantata: Marayan Bebeji da ya zama attajirin Afirka ta Yamma

An haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a garin Bebeji da ke ƙasar Kano a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, fataken da suka yi suna wajen safarar goro. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma ta tafi Accra da ke ƙasar Ghana ta yanzu, ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata. Daga sunan wannan baiwar Allah ne aka samo laƙabin Ɗantata.

Bayan karatun allo, ya shiga fatauci. A wancan zamani ayari kan shafe watanni a ƙasa da jakuna kafin ya kai Gwanja ya dawo, ga 'yan fashi, ga goro mai saurin lalacewa. Alhassan na cikin waɗanda suka fara ɗora goronsu a jirgin ruwa zuwa Legas, sannan a yo Arewa da shi. Hakan ya rage masa kwanaki da asara.

Isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911 ita ce ta buɗe kasuwar gyaɗa. Kamfanonin Turawa na da kuɗi da jiragen ruwa, amma ba su san manoma ba. Shi kuwa yana da yaran gida da wakilai a ƙauyuka, yana ba su jari tun kafin kaka, su sayo masa gyaɗa bisa amana. Da haka ya zama babban dillalin kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya koma UAC. Buhunan da ake tarawa kafin jirgi ya kwashe su, su ne suka zama dalar gyaɗar Kano.

A shekarar 1929, da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. Duk da wannan dukiya, an san shi da sauƙin kai da tsantseni wajen kashe kuɗi.

Babbar damuwarsa a ƙarshen rayuwa ita ce makomar kasuwancin, domin dukiyar attajirai da dama takan watse da zarar an raba gado. Saboda haka ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su haɗa kai kada kamfanin ya wargaje. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

'Ya'yansa irin su Sanusi da Aminu sun riƙe wasiyyar. Aminu ya rasu a watan Yunin 2025, aka binne shi a Madina. Aliko Ɗangote kuwa tattaɓa-kunnensa ne, ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya Sanusi Ɗantata.