Ruby Payne-Scott, matar da ta saurari rana

Masu kama tashoshi a gajeren zango sun san yadda murya kan dushe da rana tsaka. Wani lokacin laifin na rana ne, idan ta yi aman wuta. Cikin mutanen farko da suka saurari rana da na'ura har da wata mata ƴar Ostareliya, Ruby Payne-Scott.

An haife ta a garin Grafton a 1912, ta karanta kimiyyar lissafi da fizik a jami'ar Sidni. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta shiga hukumar binciken kimiyya ta gwamnati, CSIR, tana aikin rada, na'urar da ke hango jiragen sama. Da yaƙi ya lafa, ita da Joseph Pawsey suka juya eriyar rada wajen rana.

Matsalarsu ita ce ƙaramar eriya tana jin ƙarar, amma ba ta iya nuna daga wane gefen rana ta fito. Dabarar da suka yi a Dover Heights, wani tsauni da ke bakin teku, ita ta warware wannan a farkon 1946. Da hudowar rana, saƙon yakan iso ta hanya biyu: ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya bugi fuskar ruwa ya dawo. Inda suka haɗu sukan ƙarfafa juna ko su kashe juna, kuma daga wannan hawa da sauka ake lissafa wurin da ƙarar ta taso. Teku ya zama madubi, eriya ɗaya ta yi aikin biyu. Nan suka tabbatar da cewa ƙarar mai ƙarfi tana fitowa ne daga wajen baƙaƙen tabon da ke jikin rana. Haɗa saƙon eriya da yawa, wanda manyan na'urorin sauraren samaniya ke yi yau, yana da tushe a wannan aiki.

Sai dai Ruby tana ɓoye wani abu. Tun 1944 ta auri William Hall, alhali dokar lokacin ta hana matar aure riƙe aikin dindindin a gwamnati. A 1950 asiri ya tonu. Ta yi gardama da shugabanninta a rubuce, amma aka mai da ita ma'aikaciyar wucin gadi, ta rasa haƙƙinta na fansho. A 1951, tana da ciki kuma babu hutun haihuwa, ta ajiye aikin, tana da shekara 39. Ba ta sake komawa bincike ba.

Daga baya ta koyar da lissafi da kimiyya a wata makarantar ƴan mata a Sidni. Ɗanta Peter ya zama babban masanin lissafi, ƴarta Fiona fitacciyar mai fasaha. An soke dokar a 1966, shekara 15 bayan tafiyarta. Ta rasu a watan Mayun 1981, bayan fama da ciwon mantuwa.