Muhammadu Durugu, Babban Gwanin Zazzau

'Yan makaranta da yawa suna iya jera sunayen sarakunan Zazzau ba tuntuɓe, amma in ka tambaye su wanda ya gina wa sarakunan nan soraye sai su yi tsit. To, ga labarin ɗaya daga cikin maginan nan, wanda har yau ba a yi kamarsa ba a ƙasar Hausa.

Sunansa Muhammadu Durugu, waɗansu littattafai kuwa suna kiransa Malam Mika'ilu, amma da sarautarsa aka fi saninsa, watau Babban Gwani. Ya yi zamani da Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, 'yan shekaru kaɗan ke nan bayan da Abu Ja ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, wadda muke kira Suleja yanzu. Shi Abdulkarim ne ya sa shi ginin Masallacin Juma'a na Zariya, kusa da fada.

Sai mutum ya san halin kayan aikinsa tukuna zai gane gwanintarsa. Ba shi da siminti, ba ƙarfe, sai tubali da azara. Azara kuwa, watau tsagin giginya, gara ba ta cinta, amma in ta wuce kamar ƙafa shida ba abin da ya tokare ta, sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Don haka ɗakunan mutane suke ƙanana. Dabarar magina ita ce su kafa azara cikin bango ta ɗan leƙo waje, su ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, dama da hagu, har su haɗu a tsakiya. Sa'an nan a lulluɓe da ƙasa, ya zama bakan gizo. Ba Durugu ya fara wannan ba, amma shi ya kai ta inda ba a taɓa kaiwa ba. Tulluwa shida ya ɗora bisa manyan ginshiƙai, ya kuma yi wa ginshiƙan zane mai zurfi tun ƙasar tana ɗanya. Tsofaffi sun ce da dare yake aiki, har waɗansu suna cewa aljannu ke taya shi. Ni dai ina ganin an rage masa haƙƙinsa da wannan magana, gama aikin lissafi ne da awo.

Da sunansa ya fita, sarakuna suka riƙa aikowa a ba su aronsa. Shi ya gina gidan Madakin Bauchi a Kafin Madaki wajen 1860, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956.

Ƙarshensa ba daɗin ji. Yadda ake ba da labari a Zazzau, Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci. Da aka gama, sarki ya duba ya ga kyaunsa, sai ya sa aka kashe shi, don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Zuriyarsa suka ci gaba da sana'ar, har akwai unguwa a birnin Zariya mai sunan Babban Gwani.

Ginin ƙasa kuwa yana son yaɓe kowace shekara. Bayan 1970 aka rushe wani sashe na masallacin, aka kewaye sauran da ginin siminti. A watan Agusta na 2023 rufin ya rufto wa mutane suna sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka.

Abin da ya tsare mana siffarsa ta asali takarda ce. Wani masanin gini daga ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya zo Nijeriya a 1958, ya bi garuruwa da mataimakansa 'yan ƙasa suna auna tsofaffin fadodi da masallatai, suna zana su, suna ɗaukar hoto. Ya rasu a 1982, aka buga aikin cikin littafi uku a 1990. Da wannan awon ne aka gina kwafin masallacin Zariya da ƙasa da azara a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.