Oswald Avery, likitan da aikinsa ke taimakon jarirai har yau

An haifi Oswald Avery a 1877 a Halifas, ƙasar Kanada. Mahaifinsa fasto ne. Ya gama karatun likita a Niyok a 1904, ya shiga cibiyar Rockefeller a 1913, inda ya duƙufa kan ƙwayar cutar ciwon huhu.

A ɗakin bincikensa ne, a 1930, William Tillett da Thomas Francis suka ga wani sinadari a jinin masu ciwon huhu, wanda ke ɓacewa idan sun warke. A 1941 Avery da abokan aikinsa suka tabbatar furotin ne. Shi ne CRP: hanta ke yinsa, kuma yana hauhawa cikin sa'o'i kaɗan idan cuta ta shiga jiki.

Jariri sabon haihuwa kan kamu da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba. Shi ya sa likitoci ke maimaita awon CRP, don ya taimaka musu su san ko za a ci gaba da magani ko a tsayar.

A 1944 Avery ya nuna cewa ADN ne ke ɗauke da gado. Ya rasu a 1955, bai samu kyautar Nobel ba.