Muhammad al-Idrisi

Muhammad al-Idrisi (an haife shi a wajajen 1100, ya rasu a wajajen 1165) masanin labarin ƙasa ne kuma mai zana taswira. An haife shi a Sabta, a gaɓar arewacin Maroko, ya yi karatu a Ƙurɗuba.

A wajajen 1138 Sarki Roja na Biyu na tsibirin Sisiliya ya kira shi fadarsa a Falarmo. Kimanin shekara 15 ya yi yana tattara bayanan matafiya da fatake, yana gwada na wannan da na wancan. A 1154 ya kammala littafinsa, Nuzhatul Mushtaƙ. Ya raba duniyar da aka sani zuwa yankunan yanayi 7, kowanne kashi 10, taswira 70 ke nan. Kudu ya sa a sama, abin da kan rikita mai kallon yau.

Ya ambaci Kanem da Kawar, amma bai taɓa zuwa can ba. Ya yi kuskuren ɗauka cewa babban kogin ƙasar Sudan yamma yake gudana, kuma mafarinsa ɗaya da Nilu. Faifan azurfar da ya zana wa sarkin duniya a kai ya salwanta. Kwafe-kwafen littafin ne suka rage.