Robert Boyle, Mutumin Da Ya Sa Fure Ya Tona Asirin Asid

A wannan fitowar mun ɗauko tarihin wani masani da ya rasu fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, amma 'ya'yanmu da ke makarantun sakandare har yau suna cin gajiyar aikinsa duk ranar da malami ya miƙa masu takardar litmos. Sunansa Robert Boyle.

An haife shi ran 25 ga Janairu, 1627, a garin Lismore da ke ƙasar Ayaland. Shi ne ɗa na goma sha huɗu ga mahaifinsa Richard Boyle, wani Baturen Ingila da ya je ci-rani can a 1588 ba shi da wani abin kirki, ya wayi gari yana cikin manyan attajirai. Sai dai gaskiya ɗaya ce, yawancin dukiyar nan daga filayen da aka raba 'yan ƙasa da su ta fito, kuma da ita ɗan ya yi bincikensa. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara uku. Yaro ne mai i'ina, ga yawan laulayi. Yana shekara takwas aka kai shi makarantar Eton, daga nan aka tura shi yawon ilmi Janeba da Italiya. Tawaye ya ɓarke a Ayaland a 1641, kuɗi suka daina zuwa, bai samu komawa Ingila ba sai 1644, ya tarar mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya.

A Oxford ne sunansa ya fito. Can ya ɗauki wani haziƙin saurayi, Robert Hooke, suka ƙera famfon zuƙe iska, ya kuma gano cewa in ka matse iska ta koma rabin wurin da take, ƙarfin turinta ninkawa yake yi. Wannan ke nan a 1662.

To amma abin da ya kawo mu shi ne maganar asid. A wancan zamani, in ana son a san abu asid ne, sai a ɗanɗana a ji tsami, ko a zuba masa wani abu a ga ko zai yi kumfa. Ɗanɗana lemon tsami ba laifi, amma wa zai kai irin ruwan batir bakinsa? Kishiyar asid kuwa ita ake kira alkali. A lura, ba alƙalin kotu ba. Kalmar Larabci ce da ke nufin tokar wasu tsirrai. Kanwarmu da ruwan toka da sodar da ake sabulu da ita duk danginta ne.

A 1664 Boyle ya buga littafi kan launuka. A ciki ya bayyana yadda ya ɗiga ruwan wani shuɗin fure mai suna bayolet a kan farar takarda. Ya sa masa asid, sai ya koma ja. Ya sa alkali, sai ya koma kore. Ya jarraba da furanni iri-iri da 'ya'yan itatuwa, ya ga abin ba ya saɓawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wadda ta taɓa dafa zoɓo ta san in aka jefa kanwa a ciki jan nan dushewa yake yi ya yi duhu, tsamin ya mutu, in an matsa lemon tsami ya dawo ja wur. Bambancin kawai, shi Boyle ya mai da abin ma'auni, ya rubuta yadda kowa zai maimaita ya gani da idonsa.

Da wannan ma'auni ya tari manyan likitocin zamaninsa. Su sun ɗauka kome a duniya ko dai asid ne ko alkali, cuta ma rinjayen ɗaya ce a kan ɗaya, a kan haka suke ba marasa lafiya magani. A 1675 Boyle ya rubuta raddi, yana nuna akwai abubuwa da dama da ba sa canza launin furen ko kaɗan, wato ba su nan ba su can. Ya kuma lura in aka gauraya asid da alkali daidai wa daida, kowanne sai ya rasa ƙarfinsa. Shi ne dalilin da ɗan ruwan kanwa kan kwantar da ƙwarnafi. Ainihin sanadin abin, wato sinadarin haidurojin, sai bayan fiye da shekara ɗari aka gano shi, ma'aunin pH mai lamba kuwa sai 1909.

Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, har ya koyi Ibrananci da Larabci. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ta Royal Society a 1660, amma da aka zaɓe shi shugabanta a 1680 ya ƙi, don ba ya son yin rantsuwar kama aiki. Abin mamaki, duk tsantseninsa ya yarda ana iya mai da wani ƙarfe ya zama zinariya, ya kuwa ɓata shekaru yana nema.

Bai taɓa aure ba. Tun 1668 yake zaune a Landan gidan yayarsa Katherine, wadda ta yi jinyarsa lokacin da shanyewar jiki ta same shi a 1670. Ta rasu ran 23 ga Disamba, 1691, shi kuma ya bi ta ran 31 ga watan. An binne shi a cocin St Martin, amma da aka rushe cocin aka sake ginawa, kabarin ya ɓace.