Abubakar Ar-Razi, Likitan Yara

A ƙasar Farisa, wadda yanzu ake kira Iran, akwai wani tsohon birni wai shi Rayyu, kusa da inda birnin Tehran yake a yau. A can ne aka haifi Abubakar Muhammadu ɗan Zakariya, wajen shekara ta 865. Saboda sunan garinsu ne ake ce masa Ar-Razi, watau mutumin Rayyu, kamar yadda mukan ce Bakano ko Bakatsine.

An ce sa'ad da yake saurayi, ba abin da ya fi so kamar kiɗan molo. Sai da ya girma sa'an nan ya ajiye molo, ya ba da ƙarfi ga koyon aikin likita. Ya karanta littattafan likitocin Yunanawa na dā waɗanda aka juya da Larabci, musamman na wani shahararre da ake kira Jalinusu. Da iliminsa ya bayyana aka ba shi riƙon asibitin Rayyu. Ya rubuta wa mai mulkin garin, Mansur ɗan Ishaƙa, wani littafin magani, ya sa masa suna Almansuri. Daga nan labarinsa ya kai Bagadaza, babban birnin Halifa, aka kira shi ya shugabanci asibiti a can.

Akwai wani labari da ake bayarwa na zamansa a Bagadaza. An ce da za a gina asibiti, aka tambaye shi inda ya fi dacewa. Sai ya sa aka rarrataye tsokar nama a unguwanni dabam dabam. Bayan 'yan kwanaki ya zaga ya duba, ya zaɓi unguwar da nama ya fi daɗewa bai ruɓe ba, don ya gane can ne iska ta fi kyau. Wannan labari ya nuna halinsa sarai. Ba ya yanke magana sai ya gwada, ya gani da idonsa.

Haka kuma yake yi da majinyata. Yakan zauna kusa da marar lafiya, ya taɓa jijiyar hannunsa, ya duba harshensa da fitsarinsa, ya tambayi yadda ciwon ya faro. Duk abin da ya gani sai ya rubuta, gobe kuma ya komo ya duba abin da ya sāke. In ya tarar abin da ya gani ya saɓa wa abin da ke cikin littafi, yakan faɗi haka a fili. Har littafi guda ya yi a kan wuraren da yake shakkar maganar Jalinusu, ko da yake yana girmama shi ƙwarai. Matalauta kuwa yakan yi musu magani kyauta.

To, a zamanin nan akwai cuta biyu da ke ƙarar da yara, watau agana da ƙyanda, wadda ake kira baƙon dauro. Ku yaran yanzu ba ku san agana ba, amma ku tambayi tsofaffi, za su ba ku labari. Cikin mutum 10 da ta kama, wajen 3 sukan mutu. Waɗanda suka tashi kuwa takan bar su da zanzana a fuska, waɗansu ma ta makantar da su. Da agana da ƙyanda duk da zazzaɓi suke farawa, duk kuma sukan feso da ƙuraje. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka cuta ɗaya ce.

Ar-Razi ya yi ta lura da yaran da ake kawo masa, har ya rubuta littafi ya rarrabe su filla-filla. Ya nuna cewa mai agana ya fi kukan ciwon baya tun kafin ƙuraje su fito. Mai ƙyanda kuwa ya fi fama da tashin zuciya da rashin sukuni. Ƙurajen agana sukan taso su ɗuri ruwa, na ƙyanda kuwa ƙanana ne, a kwance suke a kan fata. Ya kuma bayyana alamun da likita zai duba ya gane ciwon mai sauƙi ne ko mai tsanani.

Me ya sa wannan ya zama babban aiki? Domin likitan da bai san cutar da ke gabansa ba, kamar maharbi ne da ya saki kibiya cikin duhu. Sanin cuta shi ne farkon magani.

Bai tsaya ga rarrabewa kaɗai ba, ya koyar da yadda za a yi jinya. Ya ce tun ran farko a kula da idon yaro, a riƙa ɗiga masa ruwan wardi. A kula da maƙogwaronsa da hancinsa da kunnuwansa, a ba shi abinci marar nauyi kamar ruwan sha'ir.

Har wa yau ya rubuta wani ɗan littafi a kan cututtukan yara zalla, mai babi 24. Masana da yawa suna lissafa shi a kan shi ne na farko irinsa. A ciki ya yi maganar fitar haƙori, da tari, da amai, da gudawa, da tsutsar ciki, da farfaɗiya, da ciwon kunne, da rashin barci. Jariri ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, don haka dole mai duba shi ya kasance mai sa ido da haƙuri.

Amma fa kada ku zaci ya san kome. Shi a ganinsa jinin yaro ne ke tafasa ya fitar da ƙuraje. Yanzu an gane waɗansu ƙwayoyin cuta ne ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, ke tashi daga wani su kama wani. Waɗansu magungunansa ma, kamar tsaga jijiya a zubar da jini, likitoci sun bar yi wa masu irin wannan ciwo.

Da ya tsufa idanunsa suka mutu. Ya rasu a garinsu Rayyu wajen shekara ta 925, ya bar littattafai kusan 200. Mafi girmansu shi ne Alhawi, wanda almajiransa suka harhaɗa bayan rasuwarsa. A shekara ta 1279 aka juya shi da Latin, Turawa suka yi shekaru aru-aru suna karantawa. Littafinsa na agana da ƙyanda kuwa an buga shi da Ingilishi a 1848.

Waɗansu suka ɗora daga inda ya tsaya. A 1796 wani likitan Ingila, Edward Jenner, ya gano lambar da ke hana agana. Aka yi ta yi wa mutane lamba ƙasa ƙasa, har da ƙasarmu, har a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa agana ta ƙare a duniya. Allurar rigakafin ƙyanda kuwa an same ta a 1963, amma ƙyanda tana nan, tana kuwa kashe yaran da ba a yi wa allura ba.

Saboda haka, in an yi muku ƙane ko ƙanwa, ku tuna wa iyayenku a kai shi allurar ƙyanda in ya cika wata 9. In kuwa kun ga yaro da zazzaɓi da tari da jan ido, kada a ɓoye shi a ɗaka, a kai shi asibiti da wuri. A gaya wa likita ranar da ciwon ya fara, da duk abin da aka gani. Yaron da ya iya lura haka, ya kama hanyar Ar-Razi.

Tambayoyi

1. Don me ake ce wa wannan likita Ar-Razi?
2. Yaya ya zaɓi wurin gina asibiti a Bagadaza?
3. Faɗi bambanci biyu tsakanin agana da ƙyanda.
4. Me ya kamata a gaya wa likita in an kai masa yaro?